Daren da na biya kuɗi don kallon rawa a Yaba

Kafin wannan dare ban taɓa biyan kuɗin ƙofa don kallon rawa ba, domin a wurinmu rawa aba ce da ake tararwa a gidan biki ko a filin kalankuwa, mai hali ya yi liƙi, marar hali ya ba idonsa abinci ya wuce. Wani maƙwabcin shagona a unguwar Agege ta Legas ne ya matsa mini lamba har muka je wani ƙaramin zaure a saman bene a Yaba, inda wata ƙungiyar matasa bakwai, biyar masu rawa da makaɗa biyu, take nuna abin da ake kira rawar zamani. Tikiti naira 5,000 ne, kujerun roba kuwa ba su kai 60 ba.

Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa jiran babban gidan wasan kwaikwayo na Iganmu, wanda aka kammala a 1976 aka yi FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya, a cikinsa a 1977. Sun bi sawun Segun Adefila, wanda ya kafa ƙungiyar rawa da wasan kwaikwayo ta Crown Troupe of Africa a 1996 ya riƙa ɗaukar yaran unguwar Bariga, da Qudus Onikeku, wanda ya dawo daga Faransa ya buɗe cibiyar rawa ta QDance Center a 2014. Duk inda suka sami fili nan ne dandamalinsu, ko da kuwa a Freedom Park ne, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da ke Broad Street, wanda ya koma wurin shaƙatawa a 2010.

Wasan farko shi ne ya biya kuɗina. Babu wanda ya furta kalma, amma kowa ya gane cewa danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, aka shiga da sassafe. Mutum huɗu suka matsu a kan benci guda, na biyar ya zama kwandasta, ya saƙale hannu ɗaya a ƙofar da babu ita, jikinsa rabi a waje, kuma duk kwanar da motar ta sha sai su karkata tare kamar an ɗaure su da igiya. Da gosulo ya kama su sai suka sandare kusan minti biyu, ba abin da ke motsi sai gumin da ke gangarowa a wuyan wata yarinya, zauren ya yi tsit har ana jin ƙarar fanka. Mai gangan, wato ɗan'uwan kalangunmu da Yarbawa ke matsawa a hammata, shi ya warware shirun da ya sa gangarsa ta kira sunan tasha, Oshodi, Oshodi, da karin harshen kwandastoci. Dariyar da aka yi har da ni, duk da Yarbancina bai wuce na ciniki ba.

Wasa na biyu bai kama ƙafar na farko ba. Ya yi tsawo, an cika birgima a ƙasa, kuma na'urar kiɗan da ɗaya makaɗin ke sarrafawa ta danne gangar gaba ɗaya. An kuma fara a makare da minti 40, sannan da aka ɗauke wuta rurin janareta ya shiga cikin kiɗan ya zauna.

Wanda zai je da iyali ya sani cewa suturar masu rawar ta mutunci ce, wando da riga na yau da kullum, amma maza da mata suna ɗaga juna a wasu wurare. Babu wurin alwala, saboda haka gara a yi magariba kafin a hau benen. In sun sake saka wasan danfon zan koma, sai dai zan nemi kujera kusa da mai gangan, nesa da lasifika, in kuma shirya motar komawa Agege tun da wuri, domin mun fito ƙarfe goma ta gota.