Shagon cike fom din jami'a da muka je a Aboabo, ga abinda na gani

Jama'a mutum uku kenan suna tambaya ta ina muka cike ma kanwata fom din jami'a, to bari in rubuta gaba daya kowa ya karanta. Shago ne dan karami a Aboabo nan Kumasi, in ka baro babban titi ka shiga lungun da teloli suke, kwamfuta hudu ne a ciki da injin fotokofi daya sai dogon benci a waje. Ba zan fadi sunan shi ba saboda akwai inda zan yi korafi kuma bana so in taba ma mutum abincin shi, yan unguwa sun gane wurin.

Kanwata tana ajin karshe a sakandare, sayans take yi, kuma ita tun tana firamare lissafi ne abin ta. Ita ke rike ma Mma littafin cinikin koko da kosai, kafin Mma ta gama kirga canji ta riga ta fadi ribar ranar da nawa wake ya ci da nawa mai ya ci, in kuma lokacin gasar sayans da lissafi ta makarantu ya zo, wadda Prempeh da Opoku Ware da Presec suke kwasar juna, tofa ba mai taba rimot a gidan mu, da biro da takarda take zama gaban talabijin. Matsalar ita ce a gida kowa da nashi ra'ayin. Baba yace Tek kawai, wato jami'ar KNUST, ga ta nan kusa trotro daya ne. Kawu yace lissafi zalla ba aiki bane, ta nemi hada magunguna ko aikin nas. Ita kuma ranta na Legon, wato Jami'ar Ghana da ke Ankara (Accra), saboda malamin su na ilektif mas, lissafin zabi, can ya gama. Ni malamin makaranta ne, jami'ar malamai ta Winneba na yi, nasan bangaren koyarwa amma sauran sai dai abinda na ji a bakin abokai, shi yasa nace muje wajen wanda yake cike fom din nan duk shekara.

Abinda ya fara burge ni shine bai ce mu kawo kudi ba tukuna. Ya jawo mata kujera yace kanwata zauna, rubuta min abinda kika samu a mok, jarrabawar gwaji, darasi shida, uku na dole uku na zabi. Ta rubuta a bayan wani tsohon rasit, ya hada mata agiriget, wato jimillar makin, a gabanta, yana nuna mata da bakin biro cewa A1 daya ne, B2 biyu, B3 uku, kuma a nan karamin lamba shine gwani, jimillar 6 ita ce karshen kyau. Ya ja layi biyu karkashin Turanci, yace yara masu kan lissafi da yawa nan suke zamewa, A1 a lissafin dole A1 a ilektif mas sai D7 a Turanci, shikenan fom ya tashi a banza tunda C6 ne mafi karancin abinda ake karba. Na ga yarinyar tayi shiru, don nasan Turancin ne take gudu. Wallahi wannan maganar kadai ta biya kudin zuwan mu, wata nawa ina fada mata bata ji ba sai da bako ya fada.

Bayan nan ya yi mana bayanin bauca, wato abinda ake saya kafin a cike fom. A Ghana ba fom daya ake cikewa ya tafi ko'ina ba, kowace jami'a da nata, ka saya a banki ko gidan waya ko ta momo, kudin waya, a baka lamba da fin, wato lambar sirri, kuma ko wanne ya haura sidi 200, in kace zaka saya hudu ko biyar don kar ka rasa to aljihu zai gaya maka. Shi shawarar shi biyu ko uku sun isa in an tsara kwas din da hankali, a sa wanda ake so da gaske a farko, a sa mai saukin shiga a kasa. Ya kuma ce ba sai an jira sakamakon WASSCE ya fito ba, ana iya cikewa a matsayin mai jiran sakamako da lambar jarrabawa. A wannan bangaren ba ni da abin cewa, hannun shi na da sauri, ya duba sunan ta harafi harafi ya gwada da na Ghana Card da na rajistar WAEC, har ya gano an juya mata sunan tsakiya a guri daya, yace a bi yadda yake a WAEC. Hoton ma a nan ya dauka, da hijabin ta, ya rataya farin kyalle a bango.

Inda muka fara rabuwa da shi shine da aka zo zaben kwas. Yana jin lissafi sai yace akcuwariyal, lissafin inshora da fansho, nan kudi yake, kamfanin inshora da hukumar fansho ta SSNIT da bankuna, sa shi a farko. Nace Malam tsaya, ka fada mata sauran. Don abinda bai fada ba shine digirin shekara hudun nan ba shi ke maida mutum cikakken akcuwari ba, akwai jerin jarrabawar kwararru bayan an gama, na kungiyoyin Ingila ko Amurka, masu tsada masu wuya, mutum na aiki yana rubutawa shekara da shekaru. Ba ina kushe kwas din bane, mai kyau ne, amma yarinya yar zango da kudin koko ake biya mata makaranta ya kamata ta san wannan kafin ta danna. Ya amsa cewa gaskiya ne, sai dai yace iyaye in sun zo abinda suke so su ji kenan, kwas mai aiki. To ni a gani na wannan rauni ne babba a shagon, ya san lambar da ake yankewa a kowane kwas kamar Fatiha amma abinda ake karantawa a ciki bai cika damun shi ba.

Don haka ni da ita muka fito bencin waje muka yi tamu maganar. Na fada mata lissafin jami'a ba irin na sakandare bane da za'a baka lambobi ka nemo amsa, can za'a ce ka kawo hujja cewa abu kaza gaskiya ne ko yaushe, shafi guda ba lamba ko daya sai haruffa, wasu nan suke gane ashe kirga suke so ba lissafi ba. In kirga da bayanan jama'a ne to kididdiga ce, akwai ta a Tek akwai a Legon, kuma aikin ta na nan a hukumar kididdiga ta kasa da bankuna da asibitoci. In koyarwa ce to Cape Coast da aka kafa a 1962 don horar da malamai, ko Winneba, ko jami'ar horar da malamai da ke nan Tanoso, a gama a nemi lasisin koyarwa. Tarkwa ma suna da lissafi, Navrongo ma haka. Sai tace Yaya ni fa in na gama tambaya abinda ke damuna shine me yasa hanyar take aiki, har ta kawo misalin yadda ake nuna cewa lambobin da basa rabuwa basu da karshe, tace ta kwana tana juya shi a kai. Daga nan na san ina aka dosa.

Tsakanin Tek da Legon kuwa ban ga dalilin fada ba, duka tsofaffi ne, Legon 1948, Tek ta bude a 1952 a matsayin kwalejin fasaha ta zama jami'a a 1961, kuma marigayi Farfesa Francis Allotey dan Saltpond, wanda duk mai son lissafi a kasar nan ya san sunan shi, a Tek yayi aikin shi. Abinda ya raba mana gardama wurin kwana ne. Dakin cikin makaranta baya isa, hostal a Ayeduase ko Kotei kudin shi kan iya fin kudin makarantar, amma ita daga Aboabo zuwa Tek Junction ba wani nisa, zata iya kwana gida. Ankara kuwa kilomita kusan 250 ne, ko da gwaggon mu tana Madina kusa da Legon dakin ta daya da yara hudu. Na kuma gaya mata in ta dage akwai cibiyar lissafi ta AIMS a Ankara don digiri na biyu, Ankarar bata gudu ba.

Muka koma ciki ta sa lissafi a farko a fom din Tek, kididdiga na biyu, akcuwariyal na uku, muka kara sayen na Legon daya. Sidi 40 ya karba kowane fom, ban ga tsada ba, amma sai a karshe ya kara kudin firintin da na hoto wanda bai fada tun farko ba, wannan ban ji dadin shi ba, a rubuta farashi a manna a bango mana. Abu na biyu da ya fi damuna, yana rubuta lambar bauca da fin din kowa a wani littafi da ke ajiye kan tebur a bude, duk wanda ya shigo zai iya lekawa, kuma da farko lambar wayar shi yaso sawa a fom din wai don ya rika duba mana. Nace a'a Malam, sa tata, sakon adimishon ita ya kamata ya samu. Bai yi musu ba ya canza. Sannan ba janareta, an dauke wuta muna tsakiyar na Legon muka zauna kusan awa daya, Allah ya taimaka ya riga ya adana abinda aka cike.

Zan sake kai wani? Eh zan kai, dan makwabcin mu ma nace ranar Asabar zan raka shi. Ku je da safe kafin karfe tara don bayan azahar bencin cika yake, ku tafi da Ghana Card da lambar jarrabawa da sakamakon mok, ku karbi firintin fom din ku duba kafin ku tashi. Ita kuma yanzu kullum bayan isha'i tana kan tsofaffin tambayoyin Turanci, ni ke duba mata insha'in.