Mako guda cikin mota mai ɗaki a duwatsun Faransa: kuɗin da na biya da abin da na samu

A ƙarshen watan Janairu na 2023 ni da maiɗakina muka je Liyon ganin ƙanena da ke aiki a can, shi ne kuma ya kawo shawarar mu yi hayar mota mai ɗaki, wadda Faransawa ke kira kampin-kar, mu hau duwatsun Alp mu yi mako guda cikin dusar ƙanƙara. Tun daga lokacin, duk wanda ya ga hotunan a wayata a nan Yamai sai ya tambaye ni nawa abin ya ci, da kuma yadda mutum zai yi barci cikin mota a irin wannan ɗari, shi ya sa na ga ya dace in rubuta hukuncina a kan abubuwa biyun da muka biya kuɗi dominsu, wato kamfanin hayar motar da zangon da muka sauka. Zangon ya cancanci kuɗinsa har da ƙari. Kamfanin kuwa ya ba mu mota mai kyau, amma ya tauye mana bayanin da ya kusa lalata tafiyar.

Hayar ta kama yuro 95 a rana tare da inshora, kwana bakwai yuro 665 ke nan, kuma tunda yuro ɗaya daidai yake da sefa 655 da ƴan kai a ƙayyadadden canji, kuɗin ya kai kimanin jika 436. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kuɗin jingina, domin sun riƙe yuro 2,000 a katin banki, fiye da sefa miliyan ɗaya da jika ɗari uku, kuma katin ƙanena ne ya ɗauki nauyin, nawa ya ƙi. Game da takardu ba a wahalar da ni ba: permina na Nijar da Faransanci yake, an karɓe shi a matsayin na baƙo mai gajeren zama, kuma motar ba ta wuce tan uku da rabi ba, wanda shi ne iyakar permin ƙaramar mota. A babbar hanya mai shingen biyan kuɗi ana sa irin wannan mota a aji na biyu saboda tsayinta ya haura mita biyu, don haka mun biya fiye da abin da ƙanena ya saba biya da motarsa.

Inda kamfanin ya cika alkawari shi ne tayoyi. Tun 2021 doka ta wajabta wa mai tuƙi a yankunan duwatsu na Faransa ya sa tayoyin hunturu ko ya riƙe sarƙar taya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, su kuwa sun ba mu duka biyun ba tare da ƙarin kuɗi ba, har ma'aikacin ya durƙusa ya nuna mana yadda ake ɗaura sarƙar. Cikin motar ma babu abin kushewa: gado babba a baya, wani da ke saukowa daga rufi, murhun gaz mai kai biyu, ƙaramin firij, makewayi da wurin wanka, da tankin ruwa na kimanin lita 100.

Daren farko mun kwana kusa da garin Anesi, tafiyar kimanin kilomita 140 daga Liyon, a irin filin da ƙananan hukumomi ke keɓe wa waɗannan motoci, da tunanin za mu rage kashe kuɗi. Araha ba ta ado. Famfon filin a rufe yake saboda an yanke ruwansa don kada bututu ya daskare ya fashe, babu inda za a jona wuta, ga shi rana ta faɗi tun kafin ƙarfe shida, fitilu da fankar na'urar ɗumama kuma suna ta zuƙar batir. Da asuba maiɗakina ta ce ko mu sami wurin da ake da ruwa da wuta ko mu koma Liyon, kuma babu wanda ya yi mata musu.

A nan matsalar tafiyar hunturu take, domin yawancin zangunan Faransa suna rufewa wajen watan Oktoba, ba sa buɗewa sai wajen Afrilu, kuma wasu da intanet ta nuna mana a buɗe mun kira ba a ɗauka ba. Wanda muka samu yana wani ƙauye cikin duwatsu tsakanin Anesi da Shamoni, a buɗe yake shekara cikakkiya, wata dattijuwa da ɗanta ke kula da shi. Mu uku tare da wuta da harajin baƙunta muna biyan yuro 34 a dare, jika 22 da ƴan kai. Da na ji farashin sai na ga kamar ya yi yawa ga filin ajiye mota, amma kafin gari ya waye na gane cewa ba filin na biya ba. Akwai gini guda mai ɗumi dare da rana, a cikinsa akwai makewayi da wuraren wanka da ruwan zafi da ba ya yankewa, da ɗakin shanya inda ake rataye jiƙaƙƙun riguna da takalma su bushe kafin safiya, da famfo na cikin gini wanda ba ya daskarewa, daga gare shi muke ɗaukar ruwa da jarka mu cika tanki. Ga Musulmi wannan gini shi ne rabin tafiyar, domin alwalar asuba a lokacin da ma'aunin zafi ke nuna digiri 9 ƙasa da sifili aba ce da ɗarin Yamai, wanda muke kuka da shi idan dare ya sauko wajen digiri 15, bai taɓa shirya mu dominta ba. Da dattijuwar ta lura da fitarmu kullum kafin wayewar gari, sai ta sa ɗanta ya riƙa share mana hanyar ginin ya watsa gishiri tun da dare, ba tare da mun roƙa ba.

Wutar lantarki tana buƙatar lissafi. An ba mu amfiya 10, wanda a kan bolt 230 ya ba da wat 2,300, kuma ranar da ƙanena ya kunna ƙaramar hita mai wat 1,500 sannan ya jona butar shayi, nan take wutar ta ɗauke, sai da ya fita cikin dusar ƙanƙara ya ɗaga makunnin da ke akwatin waje. Wasu zangunan amfiya 6 kawai suke bayarwa, wat 1,380 ke nan, wanda ko hitar kaɗai ba zai ɗauka ba, don haka wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi a waya kafin a tambayi farashi.

Laifin da nake ɗora wa kamfanin hayar ya fito ne a rana ta uku. Mun tashi za mu wuni a Shamoni da motar haya ta ƙauyen, ni kuma bisa al'adar gida, inda ba a fita a bar wuta a kunne, na kashe na'urar ɗumama don in yi tsimin gaz. Da muka dawo da magariba sai muka tarar da ƙanƙara shimfiɗe a ƙarƙashin motar, famfo kuma ko ɗigo babu. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, ina jin mun fasa musu tanki, yuro dubu biyun nan sun tafi." Ɗan dattijuwar ne ya zo da tocila ya buɗe wani ƙaramin akwati a gindin gado ya nuna mana bawul ɗin da ke kare tukunyar ruwan zafi: idan sanyin cikin motar ya sauko wajen digiri 3, yana buɗewa da kansa ya zubar da ruwan don kada ya daskare ya tsaga tukunyar, tunda ruwa kumbura yake yi idan ya zama ƙanƙara, kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya koma wajen digiri 7. Ashe babu abin da ya lalace, na'urar aikinta ta yi. Amma mun yi kusan sa'a biyu cikin barguna muna jiran motar ta yi ɗumi, sannan muka yi ta safarar jarka. Ma'aikacin da ya ba mu mabuɗi ya ɓata minti goma yana nuna mana yadda ake kunna rediyo da juya kujeru, bai ce uffan ba a kan cewa ba a kashe ɗumama a hunturu ko da an fita, alhali ya ga fasfona ya san daga ƙasar da na fito. Haka nan bai gaya mana cewa tankin ruwan datti a waje yake ƙarƙashin motar ba, kuma yana daskarewa. A zangon muka koyi barin bakinsa a buɗe da bokiti a ƙasa.

Gaz ma darasi ne. Tukunya mai kilo 13 kwana uku zuwa huɗu take yi mana, kuma da ta farko ta ƙare na kusa ɗauko butan saboda shi na sani a gidajenmu na Yamai. Dattijuwar ta hana ni, ta ce butan yana daina zama iska idan sanyi ya kai sifili, sai tukunya ta zauna cike murhu kuma ya ƙi kamawa, shi kuwa ɗaya nau'in gaz ɗin, furofan, yana aiki har zuwa wajen digiri 42 ƙasa da sifili. Dole in ƙara da gargaɗi ga ƴan'uwa masu son shayin gawayi: kaskon wuta ba ya shiga irin wannan mota ko kaɗan, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci, ramukan shan iska na motar kuma ba a toshe su da tsumma komai sanyi. Girki kansa yana da tasa matsalar. Mun sayi naman halal a unguwar Giyotiyer kafin mu bar Liyon, maiɗakina kuma ta zo da yajinta da busasshiyar kuɓewa, amma duk ranar da aka dafa shinkafa da miya tururi yakan kwanta a gilasai ya gangara har katifa, sai an ɗaga tagar rufi an haƙura da sanyin da ke shigowa.

Zangon yana da nasa rashi. Shagonsa a rufe yake duk hunturu, burodi sai an yi oda tun jiya, ofishin kuma ba ya wuce ƙarfe shida, wanda ya iso bayan haka sai ya kwana a bakin ƙofa. Dutsen da ke kudu da shi yana tare rana, ba mu ganinta sai ƴan sa'o'i a tsakiyar yini, intanet ɗinsu kuma ba ta kaiwa inda aka ajiye mu. Shamoni, garin da aka yi wasannin Olamfik na hunturu na farko a 1924, ya cancanci wuni guda don ganin dutsen Mon Bilan, amma tsadar abincinsa ta sa muka koma wa tukunyarmu.

Da na haɗa haya da kwana shida na zango da sauyin gaz biyu da gazuwal da kuɗin hanya, tafiyar ta ci kimanin yuro 1,090, wato wajen jika 715, ban da abinci. Ga mutum uku manya masu lafiya da ke iya ɗaukar jarka da zubar da akwatin makewayi kowane kwana biyu, zan sake yinta kuma zan koma zangon nan. Ba zan kai mahaifiyata ba, ba kuma zan kai yara ƙanana ba, saboda matakalar motar kan yi santsi da safe kuma tazarar da ke tsakaninta da ginin wanka ta fi ƙarfinsu da dare. Ranar da muka mayar da motar na gaya wa shugaban reshen maganar bawul ɗin, ya ce ai yana cikin littafin da ke aljihun gaba, na ce masa littafin ya wuce shafi ɗari kuma babu wanda ya nuna mana shi. Bai ba da haƙuri ba, amma bai cire ko yuro ɗaya ba, kuɗin jinginar kuma ya koma katin ƙanena bayan kwana goma sha biyu.