Leza ko IPL, mu masu duhun fata a Jidda

Duk asibitin fatar da kika shiga a Jidda biyun nan za a tallata miki don gyaran jan fuska da tabo, to ba ɗaya ba ne fa. IPL haske ne barkatai kamar filashin kyamara, ya fi araha, farare yana musu aiki kan jan fuska da tabo, amma mu 'yar uwa fatarmu shan hasken take, sai ƙuna, tabon ma ya ƙara baƙi. Leza kuwa haske ne iri ɗaya tak, ba barkatai ba, irin wadda ake kira Nd:YAG mai lamba 1064 tana nitsewa can ƙasa ta tarar da jijiyar jinin da ke sa jan fuskar, sai dai cin riyal da zafi wallahi. Ni ita zan ɗauka, likita ya fara gwadawa a gefen haɓa tukuna, kuma da ranar garin nan kar ki fita ba man kariya daga rana mai SPF 50.