Kacici-kacicin Telegram yana tada guruf ɗin da ya yi barci, amma sai ka san me za ka tambaya

Duk wanda ya taɓa riƙe guruf irin na masu taya juna gama aiki, wato inda kowa zai zo da safe ya rubuta abin da yake son ƙarasawa yau, da yamma ya dawo ya ce na yi ko ban yi ba, ya san yadda abin yake ƙarewa. Makon farko kowa na rubutu, har da masu turo hoton teburinsu. Kafin wata ya zagayo sai ka ga mutum uku ko huɗu ne kawai ke magana, sauran sun koma 'yan kallo, suna karantawa amma ko "to" ba sa cewa. Kuma ba guruf ɗinka ne kaɗai ba, tun 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da intanet, ya rubuta cewa a yawancin wuraren haɗuwa na intanet kusan kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, kashi 9 kan sa baki jefi-jefi, kashi 1 ne ke ɗauke da kusan duk maganar. To ni abin da ya dame ni shi ne waɗannan kashi 90 ɗin, don a guruf na aiki wanda ya yi shiru yawanci shi ne wanda aikin ya fi ƙarfinsa kuma kunya ta hana shi faɗa.

Abin da muke amfani da shi yanzu a namu guruf ɗin shi ne wasan canki-canka ta hanyar kacici-kacicin da ke cikin Telegram, kuma shi nake son in yi muku bayani a kai, da daɗinsa da inda ya gaza.

Ga wanda bai san shi ba, ba wata manhaja ce daban da za ka sauke ba. Telegram ya kawo ƙuri'a a ƙarshen 2018, sai a watan Janairu 2020 ya ƙara mata abin da suka kira Quiz Mode, wato ƙuri'ar da ke da amsa ɗaya daidai. Ka danna alamar maƙala fayil, ka zaɓi Poll, ka rubuta tambaya da zaɓuɓɓuka, ka kunna Quiz Mode, ka taɓa amsar da take daidai, shi ke nan ka tura. Kyauta ne, kuma ba ya cin data sosai. Wanda ya canka daidai zai ga 'yan takardu masu launi sun watsu a fuskar wayarsa, wanda ya kuskure zai ga jan alama a kan zaɓinsa, kore a kan na gaskiya. A watan Afrilu na 2020 ɗin suka ƙara wurin rubuta bayani, wanda ke fitowa bayan mutum ya amsa, akwai 'yar alamar ƙwan fitila da za ka taɓa ka sake karantawa.

Babban abin da ya sa na fifita shi a kan ƙuri'ar guruf ta WhatsApp abu ne ƙarami amma wallahi shi ne komai: ba ka ganin abin da wasu suka zaɓa sai ka zaɓi naka, kuma in ka zaɓa ka zaɓa ke nan, babu janyewa. A WhatsApp, wanda ya kawo tasa ƙuri'ar a Nuwamba 2022, kana buɗe saƙon za ka ga inda jama'a suka raja'a, ka ga sunan kowa, sai kawai ka bi yarima a sha kiɗa, in ma ka ga ka kauce ka sauya. Wannan ya yi kyau wajen tsayar da ranar taro amma ya kashe canki-canka, don wasan gaba ɗaya ya dogara ne a kan mutum ya fito da abin da ke kansa kafin ya ji na wani. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe da gane haka, suna da wata hanya da James Grenning ya bayyana a 2002 inda kowa a tawaga zai riƙe kati mai lamba a ɓoye, lambar tana nuna girman aikin a ganinsa, sai a buɗe katunan lokaci guda, saboda in babba ya riga ya ce aikin kwana biyu ne to kowa a kusa da biyun zai tsaya. Kacici-kacicin Telegram yana ba ka wannan ɓoyon ba tare da ka saita komai ba.

Sai kuma zaɓin ɓoye suna. In ka bar shi a kunne ba wanda zai san wa ya zaɓi me, har kai admin. Da shi ya kamata a fara, saboda mutumin da ya yi wata biyu bai ce uffan ba ba zai yarda ya fara da faɗuwa a gaban mutane ba, amma danna maballi ɗaya da ba wanda zai gan shi ba ya da nauyi. Daga baya in an saba sai a riƙa buɗe sunaye a tambayoyin da ba su da kunya.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci, me za ka tambaya. Nan ne gurufuka da yawa suke ɓata abin. Ka tambayi babban birnin wata ƙasa ko wa ya ci kofin duniya a shekara kaza, tabbas mutane za su danna, adadin zai burge ka, amma ka duba da kyau ka ga me ka yi, ka ɗauki mutanen da suka shigo don su rage shiririta a waya ka ƙara musu wata shiriritar. Dannawa ba aiki ba ce. Ni a ganina tambayar da ta cancanci shiga irin wannan guruf ita ce wadda ta fito daga aikin 'yan guruf ɗin kansu, musamman ta lokaci.

Ga misalin irin wadda muke yi. Wata a cikinmu, da izininta, ta ce gyaran babi ɗaya na rubutunta zai ɗauke ta awa biyu, ta sa agogo ta yi, ta turo wa admin ainihin lokacin a ɓoye. Sai a tura tambaya: "Ta ce awa 2. Nawa kuke ganin ya ɗauke ta?" Zaɓi huɗu: ƙasa da awa 2, awa 2 zuwa 3, awa 3 zuwa 5, sama da awa 5. A wurin bayani kuma a rubuta abin da ya cinye lokacin, misali neman wani fayil da ya ɓace da sake tsara jerin littattafan da ta ambata. Abin da ke biyo baya shi ne ribar, don da zarar mutum ya ga jan alama sai ka ga ya rubuto "kai, ni ma fa haka nake yi, in ce minti talatin in wayi gari ban gama ba", wani ya ce shi matsalarsa ba aikin ba ce, shirin fara aikin ne, kafin ka ankara mutanen da ba ka taɓa jin muryarsu ba suna ba da labarin inda lokacinsu ke zurarewa. Wannan hirar ita ake nema tun farko.

Kuma akwai dalilin da ya sa tambayar lokaci ba ta ƙarewa. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayani tun 1979 cewa ɗan Adam yana raina lokacin da aikinsa zai ɗauka ko da ya sha yin irinsa a baya. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa ya rage su gama rubutun kammala karatunsu, matsakaicin abin da suka ce kusan kwana 34, abin da ya ɗauke su kuwa kusan kwana 55, kuma kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai suka gama a lokacin da suka ɗiba. Abin da ya fi jan hankalina a binciken nasu shi ne, in mutum na hasashen aikin wani ne ba nasa ba, ba ya cika yin wannan zaƙewar, ya fi tuna cewa abubuwa kan ja lokaci. Ka ga ke nan in 'yan guruf suna cankar lokacin juna, suna koyon kallon nasu aikin da idon wani. Shi kansa wannan binciken ya yi kyau a matsayin tambaya, ka ba su 34 ka ce su canki ɗayar lambar.

Akwai kuma QuizBot, wani bot (asusu mai aiki da kansa ba mutum ba) na Telegram ɗin kansa da ke haɗa tambayoyi da yawa su zama gasa guda. Ka shiga wurinsa ka tura /newquiz, ka jera tambayoyinka, ka zaɓi lokacin da za a ba kowace tambaya, daga daƙiƙa 10 zuwa 'yan mintoci, yana iya cakuɗa jerin tambayoyi da amsoshi, in an gama ya fito da sunayen waɗanda suka yi zarra. A guruf ba ya farawa sai aƙalla mutum biyu sun danna cewa sun shirya. Yana aiki sumul, ba ni da ƙorafi a kan ingancinsa, amma gaskiya ban ba da shawararsa a guruf na aiki ba sai dai sau ɗaya a ƙarshen mako ko wata. Dalili, dole kowa ya kasance a kan waya a lokaci guda, in mutanenka suna ƙasashe daban-daban wani na barci wani na ofis to rabinsu sun fita ke nan, sannan tambayoyin na sauka ɗaya bayan ɗaya suna binne duk abin da mutane suka rubuta game da aikinsu, wayar wanda ke tsakiyar minti 25 ɗinsa na Pomodoro (tsarin yin aiki ba katsewa sannan a ɗan huta) tana ta ƙara. Kuma tunda in maki ya zo ɗaya ana duba sauri, mai sabis mai ƙarfi ya fi mai rauni dama. Wannan matsalar ita ce dai ta Kahoot, manhajar kacici-kacicin nan ta Norway da ta fito a 2013, tana da armashi sosai a aji ko taron bidiyo inda kowa ke zaune, amma wasanta na kai tsaye ba a gina shi don mutanen da kowa ke shigowa a lokacinsa ba.

Tambaya ɗaya a rana ta isa, a lokacin da kowa ya sani. Telegram na barin ka tsara saƙo ya tafi da kansa a lokacin da ka sa, don haka kana iya shirya na mako guda a zama ɗaya. Mutane sun ga yadda wasan cankar kalma na Wordle ya mamaye duniya daga ƙarshen 2021 har jaridar New York Times ta saye shi a Janairu 2022, alhali kalma ɗaya ce tak a rana da damar gwaji shida, in ka gama sai gobe. Ƙarancin ne ke sa a dawo. In guruf ɗinku ya kunna Topics, tsarin raba guruf zuwa ɗakunan hira wanda aka kawo a 2022, ku ware wa wasan ɗakinsa daban, wanda ba ya so ya kashe ƙararsa ba tare da ya rasa sauran saƙonni ba.

Inda ya gaza kuwa akwai, kuma ba ƙanana ba ne. Wurin bayani haruffa 200 ne kacal, jimla biyu ka cika shi, alhali bayanin shi ne zuciyar abin. Mu dai sai mu rubuta ƙarin bayani a saƙo na biyu mu rufe shi da Spoiler, wannan rufin da ke sa rubutu ya zama kamar hazo sai an taɓa, don kar wanda bai amsa ba ya gani. Na biyu, in ka tura ka tura, ba a gyara ƙuri'a, in ka taɓa amsar da ba ita ba a matsayin daidai sai dai ka goge ka sake, waɗanda suka riga suka amsa kuma sun riga sun ga komai. Na uku, tambayoyin da ake turawa ɗai-ɗai ba sa tara maki, in kana son sanin wa ya fi iya canka a wata sai ka riƙa rubutawa da hannu, kuma sai in sunaye a buɗe suke. Wannan ni bai dame ni sosai ba don ba na son gasar ta fi aikin ƙarfi, amma na san masu riƙe manyan gurufuka za su ji rashinsa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne dole ka san amsa kafin ka tura. Canki-canka mafi daɗi a guruf na aiki shi ne wanda amsarsa ba ta faru ba tukuna, mutum ya ce yau zan rubuta shafi biyar, ku canka nawa zan yi, jama'a su zaɓa, shi kuma ya tafi yana sane da cewa ana jiransa da yamma. Wannan yana tura mutum aiki fiye da duk wata tunatarwa da admin zai yi. Amma Quiz Mode ba ya barin ka sa amsa daga baya, sai dai ka yi ƙuri'a ta yau da kullum, da yamma ka rufe ta ka rubuto sakamako a ƙasa, babu kore babu ja, rabin armashin ya tafi, kuma a irin wannan ƙuri'ar mutum na iya janye zaɓinsa ya sake bayan ya ga na wasu matuƙar ba a rufe ba.

Don Allah kuma a kula da abu ɗaya, kar a sa aikin mutum a tambaya sai ya yarda, kuma kar a yi tambaya irin "wa kuke ganin ba zai gama ba a wannan makon". Mutane na shiga irin wannan guruf ne da rauninsu a hannu, in aka mai da gazawar wani abin wasa zai fita, waɗanda suka gani kuma ba za su ƙara faɗin gaskiyar lokacinsu ba.

In guruf ɗinku bai wuce mutum biyar ko shida da suka san juna ba, ba kwa buƙatar wannan, ku yi magana kawai. In kuma ya kai gomomi ko ɗaruruwa kuma shiru ya yi yawa, ina ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi ne sai ranar da suka bari a sa amsa bayan an gama zaɓe suka kuma faɗaɗa wurin bayanin nan.