Ajin majigi na Tudun Wada: na kai 'yata, na ƙare a benci

Shekara 22 ke nan ina naɗin kwayil a Panteka, cikin garin Kaduna. Injin niƙa, injin ban ruwa, fanka, janareto, duk wanda ya ƙone aka kawo mini, zan warware wayarsa, in ƙirga zagayenta, in naɗa sabuwa, in shafa banish, ya tashi. Maigidana da ya koya mini aikin, Allah Ya ji ƙansa, ya nuna mini yadda ake yi har hannuna ya faɗa, amma ban taɓa jin ya faɗi dalilin da ya sa juyawar maganaɗisu a tsakiyar waya take haifar da wuta ba. Ni ma ban tambaya ba. Sai a Nuwamban bara na ji dalilin, a wani ɗaki da bai fi shagona da komai ba, a Tudun Wada, ina zaune a bencin baya tare da 'yan sakandare.

Babbar 'yata, wadda nake kira Mamana saboda sunan mahaifiyata ta ci, tana aji biyu na babbar sakandare, kuma fiziks ya tsaya mata a wuya. A makarantarsu allo ne da alli kawai, sai a haddace. Ƙawarta ce ta ba ta labarin wani malami da ke koyar da fiziks da ilimin taurari da bidiyo ranakun Asabar da Lahadi. Kalmar taurarin nan ce ta sa na ɗan ja baya, domin a wurinmu idan aka ce wane ya san taurari, duba da bugun ƙasa ne ke fara zuwa zuciya. Na ce zan kai ta da kaina a babur, in zauna in ji da kunnena kafin in biya ko sisi.

Wurin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Bango ne da aka shafa wa farin fenti, da ƙaramin majigi, da lasifika ɗaya, da batir da ake caji da sola saboda ɗauke wuta. Ana farawa bayan La'asar, a tashi dab da Magariba. Naira 3,000 nake biya a wata. Malamin matashi ne da ya karanta fiziks a jami'a a Zariya. Bidiyoyin ba shi ya yi su ba, kuma bai ɓoye hakan ba: daga YouTube yake saukowa da su, wasu na Khan Academy, wasu na hukumar NASA ta Amurka, duk kyauta ne ga mai data. To me nake biya wa kuɗi? Tsayarwar da yake yi. Bai taɓa barin bidiyo ya wuce minti uku bai tsayar ba. Zai tsayar, ya maimaita da Hausa, ya jefa tambaya, ya yi shiru har sai wani ya amsa, ko daidai ko kuskure.

Ranar farko aka nuna wani ɗan sama jannati, David Scott, a kan wata a 1971. Guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan, ya sake su, suka taɓa ƙasa tare. Nan take gardama ta kaure, wani yaro ya rantse haɗi ne na kwamfuta. Malam bai yi masa musu ba. Ya yago takarda biyu daga littafi ɗaya, ya cukuikuye ɗaya, ya bar ɗaya a shimfiɗe, ya hau benci ya sake su. Ya ce nauyinsu ɗaya, me ya sa wannan ta riga waccan? Yaron da kansa ya ce iska. Malam ya ce to a wata babu iskar. Ban ga wanda ya sake cewa uffan ba.

Amma ranar da ta kama ni ita ce ta maganaɗisu. A bangon aka nuna naɗaɗɗiyar waya an haɗa ta da mita. Idan maganaɗisu ya shiga, allurar mita ta karkata dama. Idan ya fito, ta karkata hagu. Idan ya tsaya cik a ciki, komai ƙarfinsa, allura ta koma sifili. Ashe ba zaman maganaɗisun ke kawo wuta ba, canjin da motsinsa ke yi ne. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, ya gano haka a 1831. Malam ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin cikin janareto, sai Mamana ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ai aikin Babana ke nan.” Ya juyo ya ce, “Baba, don Allah ko za ka taimaka mana mako mai zuwa?” Na zo musu da kwayil da na naɗa, da maganaɗisun tsohuwar lasifika, da mitata ta aiki. Yara suka yi layi, kowa na son ya ga allura ta motsa a hannunsa. A nan ne na fahimci abin da na daɗe ina saitawa da kunne: ƙaramin janareto yana juyi 3,000 a minti ɗaya ne domin wutar ta riƙa sauya hanya zagaye 50 a daƙiƙa, irin wadda kayanmu na nan suke so. Shi ya sa idan inji ya yi sanyi fanka take rage gudu. Na koma shago ranar Litinin na bayyana wa yarana biyu masu koyon aiki, kuma tun daga ranar sun daina yi mini wasa da ƙirgen zagayen waya.

Ɓangaren taurarin da na ji tsoro, babu duba a cikinsa ko kaɗan. Awo ne da lissafi. Abin da ya fi burge ni, Malam yana farawa da sunayenmu kafin na Turawa. Ya tambayi wanda ya san Zara matar wata, da wanda ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, sannan ya nuna mana a bidiyo cewa abu ɗaya ne, wani lokaci yana bin rana da yamma, wani lokaci yana riga ta da safe. Kuma ba ma tauraro ba ne, duniya ce kamar tamu, ta biyu daga rana, hasken rana take aro, zafin samanta ya kai wajen digiri 460. Kaza da 'ya'yanta kuwa, wadda kakata ke nuna mana a tsakar gida lokacin hunturu, ita ce Larabawa ke kira Surayya, kuma hasken da ke shigowa idonmu daga gare ta ya yi shekara fiye da 400 yana tafe, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, na rana ma minti takwas da 'yan daƙiƙu yake yi ya iso. Daren ranar na daɗe a ƙofar gida ina kallon gabas ina tasbihi.

Da aka zo kusufi na tuna safiyar Laraba, 29 ga Maris 2006. Ina shago gari ya dusashe kamar Magariba za ta yi, mutane suka bar aiki suka nufi masallaci. A Gusau da Katsina rana ta rufe ruf, mu a Kaduna ɗan bakinta ya rage. Bidiyon ya nuna inuwar wata tana ratsa doron ƙasa, kuma Malam ya bayyana yadda wata yake iya rufe rana duk da ta ninka shi faɗi kusan sau 400: ita ma ta ninka shi nisa da mu kusan sau 400. Wata yarinya ta tambaya ko sanin ranar kusufi tun kafin ya zo bai saɓa wa addini ba. Na kasa kunne sosai, domin amsar ce za ta sa in bar 'yata ko in cire ta. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa ranar rasuwar ɗansa Ibrahim cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, kuma sanin lokacin bai ɗauke wa kowa sallar ba, sai ma ya sa ka shirya mata. Hankalina ya kwanta.

Yanzu ga inda wurin ya gaza, domin iyaye su sani. Babbar matsalar ita ce lissafi. Bidiyo yana sa yaro ya gane abu har cikin ransa, amma jarrabawar WAEC da JAMB lambobi suke tambaya. Mamana za ta iya yi maka bayanin faɗuwar abu tiryan-tiryan, amma da aka ba su gwaji a makaranta aka ce su fitar da gudun dutsen da ya yi daƙiƙa uku yana faɗowa, ta san 9.8 ɗin, wato lambar da gudun abu mai faɗowa ke ƙaruwa da ita a kowace daƙiƙa, ta rasa inda za ta sa shi. Abin ya yi mini ciwo. Na same shi na ce, “Malam, kallo ya yi yawa, biro ya yi kaɗan.” Bai ji haushi ba, kuma ya ware rabin awa na ranar Lahadi don aikin littafi. An samu sauƙi, amma har yanzu bai isa ba, don haka kada kowa ya ajiye littafin makaranta saboda wannan aji.

Na biyu, komai a wuyan mutum ɗaya yake. Sau biyu ya yi tafiya ya bar wani ƙaninsa, shi kuwa sai ya kunna bidiyo ya bar shi yana ta zuba. Turancin masu bayanin nan da sauri yake fita ta hanci, kafin minti goma rabin ajin sun koma hira. Ranakun nan biyu asarar kuɗin keke ce kawai. Ɗakin kuma ya yi ƙanƙanta, a Maris da Afrilu zufa har littafi take jiƙawa, kuma 'yan matan da ke zuwa daga Rigasa dole su tashi kafin a gama don kada dare ya yi musu a hanya. Babu madubin hangen taurari, sai manhajar Stellarium mai nuna taswirar taurari a wayar Malam, idan kuma hazo ya sauko ko ta nuna maka a waya ba za ka gan su a sama ba.

Duk da haka zan ci gaba da biya. Na gwada saya mata data ta kalla a gida, kwana biyu ta ƙare, kuma babu wanda zai tsayar ya tambaye ta me ta gane.

Akwai aikin gida ɗaya da ya ba su wanda ni na fi kowa ɗokinsa. Ya ce sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli wajen 10:27. A daidai lokacin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ranar ta Mayu na makara zuwa shago da gangan. Muka kafa sandar ƙarfe a tsakar gida, na daidaita ta da igiyar magina, Mamana na riƙe da agogo. Da lokaci ya yi ta ja layi da gawayi a kan inuwar. Muka ɗauko darduma muka gwada da inda muka saba fuskanta, sai ga shi mun ɗan karkace zuwa dama da kamar faɗin tafin hannu. Mahaifiyarta ta sa na bi layin da fenti kafin ruwan sama ya wanke shi.