Warin fitsarin zomanya: buntun shinkafa, garin katako ko yashin kyanwa, wanne za ki saya?

'Yan uwa masu zomo a cikin gida, wadda duk zomanyarta ta kai wata biyar zuwa shida ta san abin da nake nufi. Tamu ɗiyata ce ta nace sai da babanta ya sayo mata, zomanyar tana 'yar ƙarama fara sol, lungu guda take zuwa ta yi abinta ta fito, har ina yabonta gaban baƙi. Tana shiga wata na shida sai ta canza kamar ba ita ba, ta ɗiga nan ta ɗiga can, bakin ƙofa, bayan kujera, ranar da ta yi a kan sallayar Hajiya kau ban san inda zan sa kaina ba. Hajiya dai ta ce ai a mazhabar Malikiyya fitsarin abin da ake cin namansa ba najasa ba ne, amma ta ƙara da cewa "Maman Ummi, warin nan fa ba ya barin mutum ya natsu a salla", kuma gaskiya ta faɗa.

Abin da ya kamata ki sani kafin ki kashe ko naira ɗaya: zomanya in ta balaga ba a cire mata mahaifa ba, fitsari da kashi take shata iyakar wurinta da su, halitta ce, ba iskanci ba ne kuma duka ba ya hanawa sai dai ya sa ta tsorace ki. Warin kuma amoniya ce da ke tashi in fitsarin ya jima, ga zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu da ke kai digiri 40, fitsarin safe kafin azahar ya cika ɗaki. Don haka duk abin da za ki zuba a ƙarƙashinta aikinsa ya tsotse fitsarin, kuma in ta ci kada ya cutar da ita, don wallahi sai ta ci, zomo komai sai ya ɗanɗana kuma ba ya iya yin amai, abin da ya shiga ya shiga.

Ni dai buntun shinkafa na tsaya a kai, shekara ta biyu ke nan. Wurin masu injin casar shinkafa ake samunsa, buhu guda yana kai ni watanni, kuɗinsa bai kai na cefanen rana ɗaya ba, wani lokaci ma kuɗin Keke Napep ɗin da zai kawo shi ya fi kuɗin buntun. Yadda nake yi, na shimfiɗa kwali ko tsohuwar jarida ninki uku a ƙasan robar da take fitsari a ciki, na zuba buntu kaurin yatsu uku, sannan a gefe guda na ɗora harawa. Harawar nan ita ce sirrin, don zomo yana ci yana kashi ne lokaci guda, in kika sa abincin a kan robar da ƙafarta za ta hau ta zauna, ba sai kin koya mata komai ba. Buntu ba ya tsotsewa kamar katako, wannan ban ɓoye ba, fitsarin ratsa shi yake yi ya sauka kan kwalin, to amma saman yana zama a bushe, ƙafafunta da gindinta ba sa jiƙewa, kuma wannan ya fi mani komai don zomanyar da ke zama cikin danshi ƙuda ke bi ya yi mata ƙwai a jiki, cikin kwana guda tsutsa ta fito, abin ba kyan gani kuma yana kisa. Da bazara kullum da safe nake kwashe wurin da ya jiƙe in canza kwalin, da hunturu bayan kwana biyu. Abin da na kwashe kuma a can bayan gidanmu nake tara shi ya kwana biyu ya huce sannan in zuba gindin zogale da lalle, ku zo ku ga zogalen.

Amma fa a buntun ma akwai abin dubawa. Ƙananan injina suna haɗa ɓawon da dusar wuri guda, sai ya fito da laushi kamar gari, wannan ba shi kike so ba, za ta yi ta ci ta bar harawa, ga ƙura, ga shi da damina yana yin fumfuna da wuri. Mai kaushi za ki nema, wanda in kika damƙa ya ɗan soke ki a tafin hannu. Ni ko mai kaushin ne sai na sa rariya na tankaɗe shi a tsakar gida, na shanya shi yini guda a rana kafin in ɗaure buhun. Kuma ki tura hannu har tsakiyar buhu kafin ki biya, an taɓa ba yaron da na aika buhun da samansa busasshe ne, ƙasansa jiƙaƙƙe ya dunƙule yana wari kamar tsohuwar gasara, rabi na zubar.

Garin katako kau shi ya ƙone ni, shi ya sa duk wadda ta tambaye ni nake daɗewa a kansa. Masu kaji suna amfani da shi, sai na ce ai zomo ma haka, na aika wani shagon kafinta aka ciko mani buhu kyauta. Kwana huɗu zomanyar nan ta fara atishawa, ido na ruwa, hanci ya jiƙe, gashin ƙafafunta na gaba ya manne saboda goge hancin da take yi, Ummi ta zauna gabanta tana kuka ta ƙi cin tuwo. Da na zazzage buhun a ƙasa sai ga ɓurɓushin falawud, ga wani katako da aka shafa wa baƙin mai saboda gara, har da 'yan ƙananan ƙusoshi guda biyu. Kafinta sharar shagonsa yake tara maki, bai ware wanda ke da gam ko fenti ko maganin gara ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda ba don dabba ya tara ba. Ko katakon mai tsabta ne, irin masu ƙamshin nan na itacen fayin da sida (pine da cedar) an daɗe ana gargaɗi a kansu saboda man da ke cikinsu yana taɓa numfashi da hantar ƙananan dabbobi. In dole sai katako, to manyan fira na farin katako da aka fere gabanki, ba gari ba. Ni dai na bar shi har abada.

Yashin kyanwa na kanti, wanda ke dunƙulewa in ya jiƙe, kada ma ki ɗauko, yadda yake dunƙulewa a roba haka zai dunƙule a cikinta. Yashin gini arha ne amma ba ya riƙe wari ko kaɗan, ga nauyi, ga tono. Ɓawon gyaɗa fumfuna. Ƙaiƙayin gero ke ma kin san abin da zai yi wa idonta da jikinki. Toka kuma in ta haɗu da fitsari warin ƙaruwa yake yi. Akwai 'yan dunƙulen takarda da ake kawowa daga waje, suna da kyau ƙwarai, sun ma fi buntu tsotsewa, sai dai sai an yi oda daga Legas ko Abuja kuma kuɗin buhu ɗaya ya sayi zomaye da yawa.

Robar kanta, ki sayi mai kusurwa huɗu irin ta wanke-wanke a Babbar Kasuwa, wadda zomanyar za ta shiga ta juya ta miƙe a ciki, ki sa a yanke gefe ɗaya ya yi ƙasa don shiga, sauran gefen a bar su da tsawo don tana ɗaga gindi ne in za ta yi fitsari, in bakin gajere ne a bango zai sauka. Tiren ƙarfe tsatsa yake yi cikin 'yan makonni. Kuma guda biyu za ki saya, ɗaya a kejinta ɗaya a lungun da ita ta zaɓa da kanta, kada ki yi gardama da ita kan lungu, ba za ki ci ba. Ki goge fitsarin da ta yi a waje da ɗan ƙyalle ki jefa cikin robar tare da 'yan ƙwayoyin kashinta, ta shaƙa ta gane nan ne wurin.

Wurin wanki farin khal ya ishe ki, rabi khal rabi ruwa. Farin dasashin nan da ke kamawa a ƙasan roba kamar alli sinadarin kalsiyam ne da zomo ke fitarwa a fitsari, khal na taɓa shi za ki ga yana kumfa yana narkewa, in babu khal lemun tsami ma yana yi. Kada ki zuba bilic kan fitsarin da ba a wanke ba, kada kuma ki haɗa bilic da khal, iskar da ke tashi guba ce gare ki da ita. Turaren wuta da fesa ƙamshi kuma ba sa kashe warin, haɗuwa suke yi su zama wani abu daban, ga huhunta ba ya ɗauka.

To yanzu masu cuta, don wallahi sun yi yawa a wannan harka. Akwai masu tallar wata hoda a WhatsApp wai "maganin warin zomo", cikin leda ba suna ba komai, na saya sau ɗaya, alli ne aka daka aka fesa wa turare, kwana ɗaya ƙamshin ya tafi. Akwai wanda ma farar ƙasa ce mai ƙuna, in ta jiƙe ta ci tafin ƙafar dabba. Duk hodar da mai ita ya kasa gaya maki mi ke ciki ki bar masa abinsa. Akwai masu ƙulla yashin kyanwa a farar leda su ce na zomo ne daga waje, gwajinsa mai sauƙi ne, ɗebi kaɗan a tafin hannu ki ɗiga ruwa, in ya kama ya zama curi kamar yumɓu to shi ne. Khal ma ana surka shi da ruwa, ki ɗiga a kan garin kanwa, in bai yi kumfa ba ruwa kika saya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa zomanyar da yake sayarwa "an riga an yi mata aiki", don ya ƙara kuɗi. Dan Allah a ina aka yi, wane likita, ina takarda? Cire wa zomanya mahaifa tiyata ce ta buɗe ciki da allurar barci, ba fiɗiyar bunsuru ba ce da ake yi a bakin kasuwa, kuma zomo ba ya jure allurar barci kamar kare ko kyanwa sai a hannun wanda ya saba. In da gaske kina son a yi, ki fara tambayar likitan dabbobi ko ya taɓa yi wa zomo, in bai taɓa ba ya tura ki asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya. Aikin yana rage wannan ɗige-ɗigen sosai, yana kuma kare ta daga kansar mahaifa da ke yawan kama zomanyar da ta wuce shekara huɗu, don haka in kika ga jini a fitsari kada ki tsaya. Mu dai muna tara kuɗin, ba mu kai ga yi ba tukuna, shi ya sa har yau lokaci-lokaci tana yin cikin ƙarya, wajen kwana 16 zuwa 18, ta tsige gashin ƙirjinta ta kwashe harawa a baki ta watsar da buntun, a wannan makonnin haƙuri kawai nake yi da tsintsiya.

Sai kuma masu cewa "ki ƙara mata 'yar uwa mace za ta natsu". Mace biyu da ba a yi wa aiki ba gasar fitsari za su yi maki, kowa na shata wurinta, wani lokaci har da faɗa da cizo. Kuma ƙananan zomaye wuyar banbancewa gare su, maƙwabciyata mace biyu aka ce mata a kasuwa, ashe ɗaya namiji ne, cikin zomo kwana 31 ne kacal, ta wayi gari da 'ya'ya bakwai a cikin robar buntun. In za ki saya ki sa mai sayarwar ya juya maki ita ya nuna maki da idonki, in ya fara cewa sauri yake yi ki riƙe kuɗinki.