Kwalta ko maganin shafawa a wurin wanka?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi abin da ya fi hana ruwa yoyo ta ƙasan wurin wanka. Tsakanin shimfiɗar kwalta da ake ƙonawa da wutar gas da maganin nan mai siminti da ake shafawa kafin a sa tayil, na shafawar za ka saya. Duka biyun na taɓa zuba musu kuɗina.

Kwaltar na fara sa wa a banɗakin sama. A kan rufin kankare tana da amfaninta, ban hana ta ba. Amma gam ɗin tayil ba ya kama ta, dole sai an sake zuba daɓe a kanta, kuma a bakin bututu ta ɗaye mana. Ba a rufa shekara ba fentin silin ɗin falo ya kumbura, aka fasa tayil ɗin gaba ɗaya.

A gyaran ne Allah ya haɗa ni da wani dattijon magini, Allah ya saka masa da alheri. Bai taɓa maganin ba sai da ya fara yin daɓe mai gangara zuwa makwarara, santimita 2 a kowace mita. Ya bi lungunan da bango ya haɗu da ƙasa ya cike su da kwaɓaɓɓen siminti, ya shafe da gindin kwalba suka yi lanƙwasa, don a nan tsagewa take farawa. Da daɓen ya bushe, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya kwaɓa garin maganin da ruwan jarkarsa mai kama da madara, ya shafa da burushi. Shafa biyu ya yi, ta biyun ta gitta ta farko, ya hau bango har mita 1.8, bakin bututu kuma ya zagaye shi da ƙyallen raga.

Bayan kwanakin da aka rubuta a jikin buhun sun cika, ya toshe makwarara, ya tara ruwa, ya ja layi da fensir a bango. Awa 24 ruwan na kwance. Da asuba na sauka falo da tocila ina haska silin, ko ɗigo babu, ruwan ma bai bar layinsa ba. Har yau wurin a bushe yake.

Kada mai tayil ya ce maka tayil da farin siminti sun isa. Ruwa yana bi ta tsakaninsu.

Sannan ka yi hattara a kasuwa. Wasu suna tsinka ruwan maganin, wasu su juye siminti zalla a buhun kamfani. Ka sayi gari da jarkarsa tare, a rufe, ka duba ranar lalacewa, ka karɓi rasit. Kuma ranar kwaɓawa ka tsaya a wurin da kanka, kada yara su ƙara ruwan famfo don ya yi musu auki.